Ma'aunin Mai Tsintsiya

Haladu ya kira ni daga Haɗeja,
wai, "Kawu, kai da kake cikin silima a Jidda,
finafinan nan da suka kwashe kuɗin duniya,
wanne ya fi?"
Ya karanto mini lissafi daga wayarsa:
wannan biliyan biyu, wancan saura ƙiris.
Na ce in na tashi aiki zan neme shi.

Me zan ce wa yaro?
Shekara huɗu ina ɗaki na bakwai,
ban taɓa ganin farkon fim ba.
Ni mutumin ƙarshe ne.
Ina tsayawa bakin ƙofa da tsintsiya da baƙar leda
daidai lokacin da birni ya gama rushewa,
jarumi na ɗingishi cikin toka,
kiɗa ya kumbura kamar zai fasa rufi.
Na ga an ceci duniya ya fi sau dubu,
har yau ban san abin da ya same ta ba.

Sai fitila.
Sai sunaye su fara hawa bango kamar jerin gwano.
Siddiƙ, ɗan Wad Madani, ya taɓa zama zai ƙirga,
ya kai dubu biyu ido ya yi masa yaji.
Har mai riƙe wa doki linzami an rubuta shi.
Ba mai jira ya karanta.
Ni da Siddiƙ kaɗai muke yi musu sannu da aiki.

Amma ina da ma'aunina, a ƙasa yake.
Fim ɗin ƙara da wuta, ka ga gugguru ko'ina,
an taka, an murje shi cikin kafet,
lemo ya bi ƙarƙashin kujera yana kama takalmi.
Sun ci, sun sha, sun duba waya,
sun fita suna gardamar inda za a sayi shawarma.
Irin wannan yana kawo kuɗi.
Ƙashin bayana ne shaida.

Akwai wani kuma, bara.
Shi ma an ce ya tara abin da baki ba zai iya faɗa ba.
Na shiga na tarar da ƙasa fes.
Robobin gugguru a cike, sun huce a kan kujeru,
mutum ɗari biyu sun manta suna da baki.
A layi na tara wani dattijo mai jan shimagi
ya ƙi tashi, jikarsa tana jan hannun rigarsa.
Bai dube ni ba ya ce da Larabci,
"Haka ƙanena yake tafiya. Kafaɗar hagu a ƙasa."
Ban san wa yake nufi ba cikin mutanen bango.
Minti goma sha biyu ake ba ni,
na ba shi bakwai.
Mudir ya yanke mini riyal ashirin.

Daren nan, a motar komawa Karantina,
zafin teku yana manna mini riga,
na yi ta kallon kafaɗun mutane a bakin titi.
Na yi ƙoƙarin tuno tafiyar mahaifina
daga rumfar ɗinki zuwa masallaci.
Hular ta zo. Carbin ya zo.
Tafiyar ta ƙi zuwa.

Ƙarfe biyu na dare na kira Haladu.
Na ce, "Wanda ya fi
shi ne wanda ya hana mutane cin abin da suka saya."
Ya yi dariya har da tari.
"Kawu, sunansa nake tambaya."
Na ce sunan yana farko, ni kuwa ba na nan.

Siddiƙ na gefe a kan tabarma
yana cin guggurun jiya da shayi,
wai a gaya wa yaron ya yi karatu.